Tsumman da Aka Jiƙa wa Kwamfutar Jamalu

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Alhaji Barau a Gwaram, kuma katangar iyakarta kafaɗata, don haka kada wani ya ce jita-jitar gari nake kawowa. Ina tsaye ina shanya ranar da aka shigo da kwamfutar nan gidan, ina tsaye kuma ranar da aka farfasa hannun Sa'adiyya saboda ita. Sunana Hapsatu, kuma duk unguwa an san ba na iya haɗiye magana.

Alhaji Barau direba ne, da motarsa ta haya yake jigilar fasinja daga Gwaram zuwa Kano ta Birnin Kudu. 'Ya'ya biyu suka rage a gabansa shi da matarsa Kulu. Sa'adiyya ce babba, sai ƙanenta Jamaluddeen da ake kira Jamalu. A shekarar ne Jamalu ya samu gurbin karatun kwamfuta a wata kwaleji, aka ce kowane ɗalibi ya zo da laftop ɗinsa idan an buɗe makaranta. Ita kuwa Sa'adiyya ta riga shi gama sakandare, tana gida tana fama da wanke-wanke, sai a shekarar uban ya yarda da ƙyar ta yi rajistar jarrabawar shiga makarantar gaba. Aikin jinya take so. Damuwarta ɗaya, a kwamfuta ake yin jarrabawar, ita kuwa ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, ga shi saura 'yan makonni.

Labarin sayen daga bakin Alhaji na ji shi, don sai da ya ba kowa a ƙofar gida yana washe baki. Ya ce mai shagon a Kano, wani Badaru, guda biyu ya fito musu da su. Ɗaya siririya ce, batirinta yana kai yini, ba ta ɗaukar zafi, kuma Badaru ya ce ita ce ta ɗalibi. Ɗayar baƙa ce jibgegiya, da jan haske a ƙarƙashin madannai, ta hannu ce daga waje, don masu buga gem, wato wasannin kwamfuta, aka ƙera ta. Badaru bai ɓoye musu komai ba. Ya ce tana shan wuta, batirinta ya gaji, kuma a zafin ƙasarmu in ba ɗaki mai sanyi ba za ta riƙa kashe kanta. Jamalu ya murtuke fuska ya ce siririyar ta masu buga takarda ce, malamansu mai ƙarfi suka ce a zo da ita. Ƙarya yake, gem ɗin yake so. Alhaji ya ɗauki kowace ya jinjina a hannu kamar yadda yake jinjina kayan gyaran mota, ya ce shi ƙarfe ya sani, abin da ba shi da nauyi ba ya ƙarko. Har yana ba mu dariya wai mai shago ya so ya kakaba masa marar auki, bai san da wa yake ciniki ba.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko kaji ba sa yawo. Jamalu yana kunna abar sai ta hau gurnani kamar injin markaɗe, har gidana ina ji. Kafin a jima ta ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar wasa. Ya ɗora ta a kan guntayen bulo don iska ta shiga ta ƙasa, bai yi ba. Ya ɗauke fankar caji ta uwarsa, ita kaɗai ce a gidan, ya yi ta aiki da ita har ta ƙone. Daga nan ne ya kira yayarsa suka yi yarjejeniya. Ita za ta zauna da mafici tana yi wa kwamfutar fifita yana wasa, shi kuma da yamma ya koya mata yadda ake amsa tambaya a kai.

Da gudu ta zo ta gaya mini, fuskarta fal murna. Ta ce Allah ya kawo mata mafita har cikin gida. Na taya ta murna, don ban san abin da ke tafe ba.

Marin farko ta kan katanga na ji shi. Hannunta ne ya gaji ta sauya, a daidai lokacin abar ta mutu, shi kuma wai yana gab da cinye abokansa. Na leƙa na ga yarinya dafe da kunci, ƙanen da ta goya a bayanta yana nuna ta da yatsa yana ce mata banza. Tun daga ranar bai sake ce mata Yaya ba. Na tambayi Kulu, sai ta ce zuciya ce irin ta maza, kuma abin nan mai tsada ne, dole ransa ya ɓaci. Alhaji da ya dawo aka gaya masa, ya ce yaro karatu yake yi, a daina ɗaga masa hankali. Karatu! Ni da idona na ga allon, wasu ƙarti ne da bindigogi suna harbin juna a cikin kango.

Koyarwar kuwa kullum sai gobe. In yamma ta yi sai ya ce kwamfutar ta yi zafi, a bari ta huce, ko ya ce caji ya ƙare. Sau ɗaya ya bar ta ta riƙe maus, ɗan abin da ake turawa a nuna amsa da shi. Tana ɗora hannu ya ce tafinta da gumi, ya zabga mata wayar caja a bayan yatsu. Wayar nan ita ta zama bulalar gidan. Na ga shatarta a wuyan Sa'adiyya, na ga a damtsenta, wata rana har a gefen ido. Tun hantsi take zaune a ƙasa kusa da tebur tana kaɗa mafici, gumi yana ɗiga daga haɓarta, in ta tashi ɗora tukunya ya bi ta da ƙafa. Duk da haka gari na wayewa za ta koma ta zauna, don tana ganin wataƙila yau ce ranar da zai koya mata.

Raina ya ɓaci na tari Alhaji a zaure. Na ce ya ba ni Sa'adiyya in riƙa kai ta Birnin Kudu, akwai shagunan da ake koya wa yara irin wannan jarrabawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce 'yarsa ba za ta zauna cikin samari a shago ba, alhali a gidansa akwai kwamfutar da babu irinta duk Gwaram. Na ce to ya hana ɗansa dukanta. Ya ce, "Hapsatu, kin taɓa ganin na leƙo gidanki?" Ya shige ya bar ni a tsaye.

Ranar da abin ya faru motar Alhaji tana wurin makaniki, yana gida yana cin tuwon rana a inuwar darbejiya a tsakar gida. Saura mako guda jarrabawa. Kwamfutar ta mutu kamar kullum, Jamalu ya yi ta zage-zage, ya shuri ƙofa ya fita sayen kati. Ina gindin katanga ina wanki, kunnena ya ji komai. Alhaji ya kira Sa'adiyya ya ce su yaran zamani ba su san inji ba. Ya ce shi in famfon man motarsa ya ɗau zafi a hanyar Kano, tsumma yake jiƙawa ya naɗe shi, nan take mota ta tashi. Ya ce ta ɗauko tsohon tawul ta tsoma a randa, ta shimfiɗa a ƙarƙashin abar, ta rufa sauran a kai.

Ta ce, "Baba, ruwa ba zai yi mata illa ba?"

Ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake tuƙi. Yi abin da na ce."

Ta yi. Ta matse tawul ɗin iya ƙarfinta, ta naɗe abar da shi yadda uban ya faɗa. Jamalu ya dawo, ya ga tawul, ya fizge shi ya danna makunni. Allon ya yi walƙiya sau ɗaya, wani wari ya tashi kamar na ƙonanniyar roba, shi ke nan. Ya danna, ya sake dannawa, shiru.

Ya fito tsakar gida da jiƙaƙƙen tawul a hannu ya tambayi wanda ya yi wannan aikin. Sa'adiyya ta dubi ubanta. Wallahi ina kallo, Alhaji ya sunkuyar da kai cikin kwanon tuwo ya ci gaba da gutsura.

Jamalu ya cafko ta ta ɗankwali har da gashi ya ja ta a ƙasa. Ya fara da wayar caja, yana zabga mata ko'ina, fuska da baya da ƙirji, tana kare ido da hannuwa tana kiran uwarta. Kulu ta fito daga madafa ta tsaya tana cewa ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, ba ta matso ba. Da wayar ta tsinke ya koma shuri. Yarinya ta rarrafa za ta shige ɗaki, ta dafa dokin ƙofa da hannun dama. Nan ya take wuyan hannun da ƙafarsa, ya ɗauko guntun bulon da yake ɗora kwamfutar a kai, ya ce, "Da wannan hannun kika taɓa min kaya?" Ya sauke mata shi a kan yatsu. Ya ɗaga ya sake saukewa. Ƙarar kamar ana karya busasshen kara.

Ban san lokacin da na taka turmi na haura katanga ba, ni da ciwon gwiwa. Na faɗa kansa na ture shi, na ce ya kashe ni tukuna. Sa'adiyya ba ta ma iya kuka, baki kawai ta buɗe, hannun yana kwance a kan siminti, yatsu biyu sun juya inda ba nan suke kallo ba, jini yana bin dokin ƙofa. Sai a lokacin Alhaji ya wanke hannu ya ce, "Ya isa haka, Jamalu," da irin muryar da yake ce wa yaran tasha lodi ya isa.

Na juya kansa na ce da kunnena na ji, shi ya sa ta. Ko gezau bai yi ba. Ya ce shi cewa ya yi a jiƙa tsumma kaɗan, bai ce a yi wa kwamfuta wanka ba, kuma yarinyar da ke son aikin asibiti ya kamata a ce tana da hankalin da za ta gane. Allah wadaran wannan magana.

Na ce a tafi asibiti yanzu. Alhaji ya ce a'a, asibiti tambayoyi gare su, kuma ba zai bari a ɓata sunan ɗansa yana shirin shiga kwaleji ba. Ya samo mai babur, aka kai ta wurin wani mai ɗori a Kwandiko, aka ce masa murfin mota ne ya datse ta. Mutumin ya ja yatsun, ya jera karare, ya ɗaure da tsumma tam tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ya ce kada wanda ya kwance sai ya ba da izini, wanda ya kwance shi ya sani.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Hannun ya kumbura har tsumman ya nutse cikin nama. Yarinya ba ci ba barci, tana zaune ta jingina da bango tana rungume da shi tana nishi. Na ce wa Kulu bakin yatsun ya fara duhu, kuma in ka taɓa sanyi ƙalau. Ta ce haka ɗori yake, jini ne ya kwanta, ita ma an taɓa yi wa yayanta. Na ce a sassauta ɗaurin ko kaɗan ne, ta ce ita ba za ta ɗauki alhakin saɓa wa mai ɗori ba. Hankalinta yana kan Jamalu, wanda ya kulle kansa a ɗaki ya ƙi cin abinci saboda baƙin cikin kwamfutarsa. Har kaza ta yanka masa don ya sauko. Alhaji kuwa kullum yana waya da Badaru, yana tambaya ko za ta gyaru, muryarsa har rawa take kamar mai jinyar ɗa.

Sa'adiyya abu ɗaya take maimaita mini in na shiga, in taimaka kada ranar jarrabawa ta wuce ta. Ta san in ta wuce, uban ba zai sake yarda ba.

A Birnin Kudu za a yi jarrabawar, kuma ta nan motar Alhaji take bi. Da safen ranar ya fito da mota, Jamalu ya zauna a gaba da kwamfutar a cinya, an naɗe ta da bargo don kada gargada ta taɓa ta, za a kai ta Kano gyara. Na fito da Sa'adiyya na ce ya rage mana hanya. Ya ce kujerun baya duk an kama, mu nemi wata. Ya ja motarsa.

A motar da muka samu fasinjoji suka fara toshe hanci suna waige-waige. Ni na san daga inda warin yake. Jikinta zafi rau, leɓenta ya bushe. Muna sauka na ce asibiti za mu fara zuwa. Ta riƙe mayafina da hannun hagu ta ce, "Inna Hapsatu, don girman Allah. In na fito ki kai ni duk inda kike so." Na kasa ce mata a'a, na raka ta har ƙofa na zauna a gindin wata bishiya tare da sauran iyaye.

Da aka tashi yara suka fito suna hayaniya suna gwada amsoshi. Ita ce kusan ta ƙarshe, tana bin bango. Ta ce mini maus ɗin ya yi ta gudu a hannun hagunta, ta kasa tsayar da shi a kan amsa. Wani mai tsaron jarrabawa ya tausaya ya nuna mata yadda za ta danna haruffa a maimakonsa, amma kafin ta gane idonta ya fara ganin bibbiyu. Lokaci ya ƙare ko rabi ba ta kai ba. Ta ce tambayoyin ba wuya, ta san amsoshin. Tana faɗin haka ta sulale, na tare ta.

A asibiti wata nas ta sa almakashi ta yanke tsumman, ta kau da kai tana salati. Likita ya duba bai daɗe ba, ya ce ɗaurin ya hana jini zuwa, manuniya da ɗan tsakiya sun riga sun mutu, in ba a cire ba abin zai hau hannun duka. Ya ce da an kawo ta ranar da abin ya faru, gyara ne mai sauƙi. Ya tambaye ni me ya farfasa ƙashin haka, da na ce a gida cewa aka yi murfin mota ne, ya ce wannan ba aikin murfin mota ba ne. Na ce ya bari ta farfaɗo ya ji daga bakinta, in ta ƙi faɗa ni zan faɗa. Aka shiga da ita kafin la'asar.

Ina zaune a kan benci ina jira, zuciyata tana tafasa. An gaya wa Alhaji tun a shago cewa abar ba za ta jure zafinmu ba, ya zaɓe ta don ɗansa ya murtuke fuska. Da ta fara mutuwa bai ce ɗansa ya yi kuskure ba, bai ce shi ya yi ba, sai aka nemo wadda ba ta da bakin magana aka ɗora mata. Gidan nan mutum uku ne suka haɗu a kan yarinya ɗaya, mai duka da mai kallo da mai ba da haƙuri, kuma duk cikinsu babu wanda yake ganin ya yi laifi.

Washegari da hantsi suka zo, Alhaji da Kulu. Jamalu bai zo ba. Tun daga ƙofar ɗakin mata Alhaji ya fara ba ni labari, wai alhamdu lillahi kwamfutar ta tashi. Badaru ya buɗe ta ya busar, ya canja wani ɗan ƙaramin abu, har ya haɗa su da wani faranti mai fanka da ake ɗora ta a kai, ba sai an ƙara yi mata fifita ba. Na nuna masa gado.

Sa'adiyya tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa, hannun a naɗe da farin bandeji a kan matashi, ana ganin gurbin da ya rage. Alhaji ya dube shi sau ɗaya ya kau da ido. Ya ce ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara. Bai tambayi jarrabawa ba. Ya ja kujera ya sunkuya daf da kunnenta, ya rage murya, amma na ji.

"Me kika ce wa likitan?"

Ta buɗe ido ta dube shi. Muryarta a dashe take, amma ta ɗaga ta yadda duk matan ɗakin da masu jinyarsu suka ji.

"Na ce masa kai ka ce in jiƙa tawul. Na ce Jamalu ya take hannuna ya buga min bulo, kana zaune kana cin tuwo. Ya rubuta, Baba."

Wata tsohuwa a gadon gefe ta tashi zaune tana kallon Alhaji. Na zuba wa Kulu ido, na ce ko yau ɗaya za ta rungumi 'yarta. Ta matso kuwa, ta durƙusa a bakin gadon, ta dafa kafaɗar yarinyar, hawaye yana zuba a fuskarta.

Ta ce, "Sa'adiyya, ki yi wa Allah ki kira likitan ki ce murfin mota ne. Ƙanenki makaranta zai tafi."